Yadda Ake Magance Bushewar Jelar Gashi Mai Tsawo

Ranar da za ki yi tsifa, ki shimfiɗa farin zani ko tsohon farin mayafi a cinyarki. In kin gama kada ki yi saurin kakkaɓewa, ki tsaya ki duba abin da ya zubo. Gashi iri biyu za ki gani. Akwai dogaye masu ɗan farin ɗigo a gindinsu. Waɗannan daga tushe suka fito, wa'adinsu ne ya cika, kuma duk mai lafiya yana zubar da sili 50 zuwa 100 irinsu a kullum. Idan kitsonki ya yi sati uku a kai, to duk na sati ukun suna nan maƙale a ciki, shi ya sa suke yawa ranar tsifa. Kada su tayar miki da hankali. Waɗanda za ki damu da su su ne gajerun nan, 'yan mitsi-mitsi kamar garin ganyen shayi, marasa farin ɗigo. Su karyewa suka yi, kuma daga jela suka karye.

Na yi shekaru gashina yana tsaye a kafaɗa, ina ta cewa ba ya fitowa. Duk man da aka ce yana sa gashi tsawo sai na saya na lafta a kai. Ashe gashin yana fitowa lafiya lau, abin da ya tsiro a gindi ne yake kakkaryewa a jela, kamar mai zuba ruwa a tulun da ya huje. Sai da na daina kula da fatar kai ita kaɗai, na koma kula da ƙarshen gashin, sannan na fara ganin bambanci. Abin da na koya a wannan hanyar nake son in shimfiɗa miki daki-daki, 'yar'uwa.

Me ya sa jela ta fi ko'ina bushewa

Gashin ɗan Adam yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, wato santimita 12 zuwa 15 a shekara. Idan gashinki ya kai santimita 30 in an miƙe shi, to jelarsa ta shekara biyu ko fiye da fitowa. Ta sha hunturu biyu, ta sha bazara biyu, an wanke ta, an taje ta, an kitsa an tsefe ba adadi. Ita ce tsohuwar kai, don haka lallaɓa ta ake yi.

Kowane silin gashi yana da ɓawo a jikinsa mai hawa-hawa, kamar na kifi. Muddin ɓawon yana kwance, danshi na zama a ciki, gashi ya yi laushi da sheƙi. Sabulu mai ƙarfi, zafin wuta, gogayya da tufafi da taza da ƙarfi, duk suna ɗaga ɓawon nan, a hankali ya riƙa zubewa. A jela, galibi da yawansa ya riga ya tafi. Ga kuma wani abu da ya shafi irin gashinmu musamman. Fatar kai tana fitar da nata maiƙon, wanda a gashi mai santsi yakan gangaro har ƙasa. Namu gashin nannaɗe yake, lanƙwasa bayan lanƙwasa, maiƙon ba ya iya bin wannan hanyar ya kai ƙarshe. Shi ya sa za ki ga mace fatar kanta na naso amma jelarta kamar tsintsiya.

Sai ki haɗa da iskar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya ita ce dai take zuƙe danshin gashi. Kuma yawancinmu ruwan rijiya ko na burtsatse muke wanka da shi, wanda a wurare da yawa yana da gishirin ƙasa da ke taruwa a jikin gashi ya sa shi tauri.

Abu ɗaya nake so ki riƙe kafin mu shiga aikin: mai ba ya jiƙa gashi. Ruwa ne ke jiƙa shi, mai kuwa murfi ne da ke hana ruwan gudu. Wadda ta shafa man kaɗanya a busasshen gashi ta rufe tukunyar da babu komai a ciki. Gashin zai yi ƙyalli, hannu ya yi maiƙo, amma in kin lanƙwasa silin sai ya karye. Wannan kuskuren shi ya ci min shekaru.

Mataki na farko: ki gane bushewa ce ko lalacewa

Ki ware ɗan gashi kaɗan, ki fita tsakar gida inda akwai haske, ki ɗora jelar a kan farar takarda. In kin ga ƙarshen sili ya rabu biyu ko uku kamar reshe, ya tsage. In kin ga ɗan farin tabo a tsakiyar sili, nan ne zai karye nan gaba kaɗan. In kuma kin shafa kin ji 'yan ƙulle-ƙulle kamar tsakuwa, silin ne ya ɗaure kansa. Duk ukun nan babu man da zai gyara su, ko nawa aka sayar miki da shi. Gashin da ya riga ya fito ba shi da rai, ba ya warkewa kamar fata. Abin da ya tsage sai almakashi.

Idan kuwa silin lafiyayye ne, kaushi kawai yake yi, to ƙishi yake ji, kuma wannan yana da magani. Gwaji mai sauƙi: ki jiƙa jelar da ruwa, ki shafa mata ɗan mai, ki kitse ta ki bar ta kwana biyu. In kin kwance kin same ta da laushi, bushewa ce kawai. In kuwa kafin yamma ta koma yadda take, ɓawonta ya ƙare, ba za ta ƙara riƙe danshi ba.

Mataki na biyu: datse abin da ya mutu

Na san nan ne mata da yawa ke tirjewa. Gashin da aka yi shekaru ana tarawa, a ce a sa masa almakashi? Wasu iyayenmu ma ba sa son jin zancen. Amma datse jela daban, aske kai daban. Kuma tsagewa ba ta tsayawa inda ta fara. Kamar yagewar zani ce, in ba a tare ta ba sai ta yi ta hawa sama. Santimita 1 da kika ƙi cirewa yau, nan gaba fiye da haka za ta ci.

Ki sayi sabon almakashi mai kaifi, ki ajiye shi don gashi kawai. Wanda ake yanka leda da yadi da shi ya dakushe, murƙushe silin yake yi, tsagewar ta dawo da wuri. Reza ma kada ki yi amfani da ita, a karkace take yanka.

Gashinmu yana tsukewa, don haka sai an miƙe shi kafin a ga ainihin inda ya lalace. Ba sai kin sa masa wuta ba. Ki yi kitson zare ki kwana da shi, da safe ki kwance, zai miƙe daidai yadda ake buƙata. Ki raba shi gida takwas ko goma. Ki ɗauki kashi ɗaya, ki taje a hankali, ki matse shi tsakanin yatsu biyu ki ja zuwa ƙasa. Za ki ji inda santsi ya ƙare kaushi ya fara, kuma za ki ga inda gashin ya sirance har kina hango haske ta cikinsa. Ki yanke ɗan sama da wurin kaɗan. Ga mafi yawan mata, gwargwadon gaɓar yatsa ya isa, irin abin da mace ke ragewa in ta kammala Umara. Na ƙeya ki ba 'yar'uwarki ta yanke miki, amma ki nuna mata iyakar da yatsanki tukuna.

Bayan wannan datsewar ta farko, duk wata uku ko huɗu ki duba. In akwai abin cirewa ki cire kaɗan, in babu ki bar shi. Ba dole ba ne a yanka don kawai lokaci ya yi.

Mataki na uku: wankin kai

A nan aka fi yi wa jela ɓarna, don haka zan ɗan daɗe.

Tun daren jajibirin wanki, ko aƙalla rabin awa kafin ki shiga banɗaki, ki raba gashin gida shida, ki shafa man kwakwa ko man zaitun daga tsakiyar gashi zuwa ƙarshe, ki yi wa kowane kashi kalaba sakwa-sakwa. Man kwakwa yana daga cikin mayukan da ke iya ratsa cikin sili, ba ya tsaya a waje kawai ba, shi ya sa ya fi dacewa da wannan aikin. Yana rage yadda gashi ke kumbura da ruwa da yadda sabulu ke wanke shi ƙarƙaf. Sai dai yana daskarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 24, don haka da hunturu ni kafin wanki kawai nake sa shi, ba na barinsa a kai in fita, don yakan sandare ya sa gashi tauri.

Kada ki kwance kalabar nan lokacin wanki. Wannan dabarar ita kaɗai ta rage min rabin cukurkuɗewar da nake fama da ita. Ki jiƙa kan da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Na san da sanyin asuba rai na son ruwa mai zafi rau, amma shi ke kwashe ɗan maiƙon da ya rage. Ki zuba shamfu a tafin hannu, ki sirka da ruwa, ki cuɗa fatar kai da tsokar yatsu, ba da farce ba. Fatar kai ake wankewa. Kumfar da ke gangarowa lokacin ɗauraya ta ishi jela. Kada ki tattaro gashin sama ki yi ta cuɗawa kamar wankin tsumma. Wanki ɗaya ya isa, sai fa in kan ya yi datti sosai.

Maganar sabulu. Garin sabulun wanki da sabulun wanke-wanke ba na kai ba ne, ko da kuwa kin ga suna fitar da datti tas. Sabulun salo yana wankewa da kyau kuma mutane da yawa na son sa, amma yana da kaifi, irin kaifin toka da kanwa, wanda ke buɗe ɓawon gashi. Shi gashi ɗan tsami-tsami ya fi so. In da salo za ki wanke, ki narka ɗan kaɗan a ruwa mai yawa, bayan kin ɗauraye kuma ki bi da ruwan tsami: cokali 1 na khal (wato binega) ko ruwan lemon tsami a cikin babban kofi biyu na ruwa. Ki zuba, ki bar shi minti biyu, ki ɗauraye. Wannan yana kwantar da ɓawon, yana kuma taimakawa wajen cire gishirin ruwan rijiya. Kada ki ƙara yawan tsamin da nufin ya fi aiki, bushewa zai ƙara miki.

Yanzu sai karkashi. Kakanninmu da shi suke wanke kai tun kafin shamfu ya shigo kasuwa, kuma har yau ban ga abin da ya kai shi warware gashi ba. Matan Chadi suna kiransa ambunu, yanzu har ƙasashen waje ake kai shi ana sayarwa da tsada, alhali ga shi nan a kasuwarmu wurin masu kayan miya. Ki ɗebi cokali 3 na busasshen ganyen, ko cokali 2 in gari ne, ki zuba a ruwan ɗumi kofi biyu, ki rufe minti 15 zuwa 20 har ya saki yauƙi. Ki tace da ƙyalle mai laushi. Kada ki tsallake tacewar, in ba haka ba kwana za ki yi kina tsintar ganye a kai. Kuma kada ki sa masa kanwa kamar na miya. Kanwa tana ƙara yauƙi, amma tana cinye gashi. In ba ki samu karkashi ba, ki yanka kuɓewa ɗanya guda biyar ki tafasa a ruwa kofi biyu, ki tace, ki bari ya huce.

Ki kwance kalaba ɗaya, ki kwarara mata ruwan karkashin har ta yi santsi, ki fara warwarewa da yatsu daga can ƙarshe. Daga jela ake fara taza, a hau sama sannu a hankali. Wadda ta kafa mataji a gindi ta ja ƙasa, duk ƙullin da ke hanya ta tattara shi ta kai wa jela, nan kuma zai tsinke. In yatsu sun gama nasu, sai ki bi da mataji mai manyan haƙora, hannu ɗaya riƙe da gashin a sama don kada ki ja fatar kai. In kin ci karo da ƙulli, ki ajiye matajin, ki ƙara yauƙi, ki zare silin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙi, ki yanke shi da almakashi, kada ki fizge. Ki mayar da kalabar, ki koma ta gaba.

Bayan nan sai turara gashi, abin da ake kira sitimin a shagon gyaran kai. A gida ma yana yiwuwa. Ki sami kwandishana mai kauri kamar cokali 4, ki ƙara cokali 1 na man zaitun da ƙaramin cokali 1 na zuma, ki gauraya. Ki fara shafawa daga jela, ita za ta sha kaso mafi yawa, abin da ya rage a hannu ki kai sama. Ki rufe kan da leda, ki tsoma tawul a ruwan zafi ki matse, ki naɗa a kai. Minti 20 zuwa 30 ya isa. Barinsa ya kwana ba ya ƙara komai, sai ma ya sa gashi ya yi laɓo-laɓo ya rasa ƙwari. Ki ɗauraye da ruwa mai ɗan sanyi. Da hunturu ina yin wannan duk wanki, da damina kuwa sau ɗaya a wata.

Sau nawa za a wanke kai? Ni duk kwana 10 zuwa 14. Mai yawan zufa ko amosani za ta fi son duk sati.

Mataki na huɗu: rufe danshin

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma lokacinsa ƙanƙane ne: gashi na da danshi, bai bushe ba, ba ya kuma ɗiga.

Kada ki goge kai da tawul. Ki sami tsohuwar riga mai taushi, ki naɗe kowace kalaba ki matse. Sannan ki bi su ɗaya-ɗaya. Ki kwance, ki shafa man gashi mai ruwa-ruwa, irin wanda ba a ɗaurayewa. In za ki saya, ki duba jerin kayan haɗin da ke bayan robar, ruwa ya zama shi ne na farko. In ba ki da shi, ki rage ɗan ruwan karkashi mai tsafta ki shafa. A kan wannan sai ki ɗiga mai mai sauƙi, na zaitun ko na riɗi, ɗigo uku ko huɗu a kowane kashi. Na ƙarshe shi ne man kaɗanya, gwargwadon ƙwayar gyaɗa, ki murza a tafin hannu har ya narke, ki kama santimita biyar ɗin ƙarshe ki shafe su sosai, ki murɗa jelar a yatsa.

Man kaɗanya na asali, wanda ba a tace shi da sinadari ba, yana da ƙamshinsa da muka sani da launin ƙwai-ƙwai. In ya yi miki tauri, ki sa cokali 4 a ƙaramin kwano, ki ɗora kwanon a cikin ruwan zafi har ya yi laushi, ki zuba cokali 2 na man zaitun, ki buga da cokali mai yatsu har ya yi kamar kirim. Kada ki ɗora shi kai tsaye a wuta. Man alayyadi ma yana aiki ga mai jure warinsa. Basilin kuwa yana rufe danshi ƙwarai, amma yana kama ƙura, kuma sai da sabulu mai ƙarfi yake fita, sai ki ga an koma gidan jiya. In shi kaɗai gare ki, ki sa kaɗan a jela kawai, a kan danshi.

Mata da yawa na tambaya game da chebe, wato garin gyaran gashin nan na ƙasar Chadi. Matan Chadi da aka san su da shi suna kwaɓa garin da mai, su jiƙa gashi, su shafa a jikinsa ban da fatar kai, su kitse, bayan 'yan kwanaki su sake. In kin lura, ruwa ne, da mai, da kitso, da barin gashi ya huta. A ganina nan sirrin yake. Ba ya sa gashi ya tsiro da sauri, yana hana shi karyewa ne. In za ki gwada, ki samo wurin wanda kika yarda da shi, kuma ki tsaya a jela.

Mataki na biyar: ɓoye jela

Jelar da aka bari a waje tana gogar wuyan riga, tana gogar ɗankwali, iska na bugunta. Duk gyaran da kika yi, in kin bar ta haka, kwana biyu ya tafi. Ki yi manyan kalaba ko kitson hannu guda shida zuwa goma, ki lanƙwasa ƙarshen kowanne ki cusa a ƙarƙashin ɗan'uwansa, ko ki tattara su ki naɗe a ƙeya. Shuku yana da kyau a nan domin yana tara jela wuri ɗaya, in dai ba a ja shi da ƙarfi ba. Kada ki ɗaure ƙarshen kitso da robar kuɗi, tana yanka gashi. Ki nemi ribom mai laushi marar ƙarfe.

Ƙananan kitso suna da kyau a ido kuma suna daɗewa, amma wadda jelarta ke ciwo ta haƙura da su na wata uku. Wajen tsefe su ne ɓarnar take. Kowane irin kitso kuma kada ya wuce sati biyu zuwa huɗu a kai.

Mu masu rufe kai muna da riba, domin rana da ƙura ba sa samun gashinmu kai tsaye. Amma ɗankwalin atamfa da hular auduga suna shanye mai da danshi kamar soso. Ki sami hula mai santsi, ta siliki ko satin, ki fara sa ta kafin ɗankwali ko hijabi, ki kuma kwana da ita. Yadi ɗaya na satin zai fitar miki da hula biyu da rigar matashin kai wurin tela. Ki riƙa wanke hular duk sati. Kuma kada ki rufe kai yana jiƙe sharkaf ki wuni da shi, yana jawo wari da ƙaiƙayi. Ki bari ya sha iska a ɗaki tukuna.

Tsakanin wanki da wanki

Ki sami ƙaramar robar feshi. Ki zuba ruwa mai tsafta rabin kofi da ƙaramin cokali 1 na kwandishana, ki girgiza. Ki riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, don yana lalacewa bayan kwana uku ko huɗu in ba a firji yake ba. Duk kwana biyu ko uku, da hunturu ma kullum da daddare, ki fesa wa jelar kitsonki har ta yi danshi, ki matse da hannu don ruwan ya shiga, ki bi da ɗan man kaɗanya, ki mayar ki cusa. Aikin minti biyar ne. Kullum ruwa kafin mai.

Idan jelar ta yi tsananin bushewa, sau ɗaya a sati bayan kin fesa kin shafa, ki tattara ƙarshen kitson ki sa a ƙaramar leda, ki ɗaure sakwa-sakwa, ki sa hula ki kwanta. Da safe ki cire. Jelar kawai, ba duk kai ba, kuma kada ya zama kullum.

Matan aure sukan ce yawan wankan tsarki na busar musu da gashi. Ruwan ba shi ne matsalar ba, barin gashin ya bushe babu murfi ne. Hadisin Ummu Salama da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna ba sai mace ta kwance kitsonta ba don wankan janaba, ta zuba ruwa sau uku a kai ya wadatar. Abin lura shi ne ruwan ya ratsa har fatar kai, wanda manyan kitso sakwa-sakwa sun fi sauƙaƙa shi. Sauran bayanin hukuncin ki nemi malamai. Ta ɓangaren gashi dai, in kin fito ki matse kitson da riga, ki shafa ɗan mai a jela tun tana da danshi. Wadda ta riƙe wannan, yawan wankan ma taimakonta zai yi.

Ranar tsifa kuma kada ki taɓa kitso a bushe. Ki fesa ruwa, ki shafa mai, ki jira minti goma, ki fara daga ƙarshe da yatsu. In za ki sa matsefi, ki zura shi a tsakanin saƙar ki buɗe, ba ki tsaga ƙasa da ƙarfi ba. Dattin da ke taruwa a gindin kitso ki warware shi da yatsa da mai kafin ruwa ya taɓa kan, in ba haka ba dunƙulewa zai yi.

Abubuwan da za ki ajiye na ɗan lokaci

Ƙarfen miƙar da gashi da na'urar busarwa mai zafi, ki ba su hutun wata uku. In biki ya taso kina son gashi ya miƙe, zare zai yi miki. Rini da man sauya launi suna daga cikin abubuwan da suka fi cinye ɓawon gashi. Lalle yana ƙara wa sili ƙwari, amma yana sa shi tauri, don haka mai busasshiyar jela ta jinkirta shi, in kuma ta sa to ta bi shi da turarawa a ranar.

Idan kin taɓa sa rilaksa, wato man miƙar da gashi, kika daina, jelar da ta rage mai santsin nan ita ce mafi rauni a kanki, kuma mahaɗarta da sabon gashi nan ne wurin karyewa. Ki riƙa rage ta kaɗan-kaɗan har ta ƙare.

Wurin makitsiya kuma, ki je da kanki a wanke, a taje, da matajinki da manki a jaka. Yawancinsu sauri suke yi saboda layi, ƙaramin mataji suke kafawa a gindi su ja. Ki faɗa da ladabi tun kafin a fara: "Yaya, don Allah a taje min daga ƙasa, kuma kada a ja gaban goshin." In kin tashi daga kitso kina jin fatar kai na zafi, ko ƙananan ƙuraje sun fito a gefen goshi, an ja da yawa, ki sassauta shi ko ki kwance. Jan kitso shekara da shekaru shi ke cinye gashin gaba, wani lokaci ba ya dawowa.

Akwai kuma abin da ya wuce gyaran jela. Mai jego takan ga gashi na zuba sosai wajen wata uku bayan haihuwa, irin dogayen nan masu farin ɗigo, kuma galibi yakan daidaita da kansa. Amma in zubar ta ƙi tsayawa, ko kina yawan jin kasala da jiri, ko wani wuri a kan ya zama fili, ko akwai ƙuraje da ƙaiƙayi mai tsanani, ki je asibiti a duba ki. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da cututtukan fatar kai duk suna bayyana a gashi, kuma man kaɗanya ba ya maganinsu.

Ranar da kika datse jela, ki ja sili ɗaya daga ƙeya ki auna shi da tef ɗin tela, ki rubuta tsawon da kwanan wata. Kada ki sake aunawa sai bayan wata uku. Kafin nan, farin zanin tsifa ne zai riƙa ba ki labari. A tsifa ta farko za ki ga gajerun nan da ɗan yawa har yanzu. A ta biyu su ragu. In kin kai ta uku suna nan yadda suke, to ko dai akwai sauran tsagewar da almakashi bai kai gare ta ba, ko kuma akwai inda ake taje miki kai a bushe. Ki koma tsakar gida da farar takardarki ki sake duba jelar.